Ƙwayar da na miƙa wa Isufu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri. Ciwon ƙoda na yi, Allah kuma Ya tashe ni. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai fiye da ciwon, shi ya hana ni magana.

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, gidana a Agege. Abin ya faro ne daga ƙusar da na taka wajen sauke kaya. Ƙafar ta yi ruwa ta ƙi warkewa, ga zazzaɓi duk yamma, ga ciwon gaɓoɓi. Sai na riƙa sayen haɗin ƙwayoyin kashe ciwo a kemis, irin wanda ake ƙullawa a leda, ba suna ba kwali. In na sha sai in ji garau har la'asar.

Matata, Maman Hafsa, ita ta matsa mini sai da na je asibiti a Ikeja. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari. Likitar, wata Bayarbiya, ta ɗora biro a kan takardar sakamakon ta ce:

"Oga, wannan CRP ake ce masa. Yana hawa ne in akwai kumburi a cikin jiki, irin wanda ido ba ya gani. Naka ya hau sosai. Na ƙasan nan kuma na ƙoda ne, shi ma ya fara motsi. Ban ce ƙodarka ta lalace ba, amma in biyun nan suka haɗu ba ma wasa. Ka bar ƙwayoyin nan daga yau, ka dawo bayan sati biyu."

Na ce to. Na ninke takardar na tura a aljihu. Babbar Sallah ta matso, kasuwa ta buɗe, wa zai zauna?

Da na koma gida Maman Hafsa ta ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Maleriya ce kawai."

Akwai wani ɗan dako, Isufu, mutumin Maradi. Ya girme ni, shekara tara yana ɗaukar mini buhu. Wata safiya ya same ni a rumfa ya ce, "Elhaji, yau bayan nan ya ƙi. Ƙafafun ma sun yi nauyi." Ya ɗage wando, na gan su a kumbure.

Tirela biyu na jiran a sauke. Takardar likita tana aljihuna, maganarta tana kunnena.

Na ciro ƙulli ɗaya na miƙa masa, na ce, "Sha wannan, yanzu za ka miƙe."

Ya yi godiya har da durƙusawa. Kusan wata guda, kullum in sayi nawa in sayo nasa.

Bayan Sallah fitsarina ya ɗauke. Fuska ta kumbura, komai na ci sai ya dawo. A Ojota na yanke jiki na faɗi ina sauka daga motar haya, danfo. Na farka a gadon asibiti, an sa mini roba a wuya, ana maganar wankin ƙoda. Sau bakwai aka ɗora ni a kan injin nan, awa huɗu-huɗu, ina kallon jinina yana fita yana dawowa. Na tsorata ƙwarai. Keken ɗinkin Maman Hafsa da 'yan kunnenta na aure duk a nan suka tafi.

Ita ta tsinci takardar a rigata za ta yi wanki. Ta kawo ta ajiye mini a kan gado ta ce, "Baban Hafsa, maleriya ce ko?" Sai ta ci gaba da zuba mini kunu. Da ma faɗa ta yi.

Aka yi maganin ƙafar. Duk sati a ɗebi jini, kumburin yana sauka, har ran da fitsari ya dawo. Na yi kuka a bayan gida kamar yaro. Ƙodar ba ta koma daidai ba, amma an sallame ni daga inji.

Ranar da na koma kasuwa na tambayi Isufu. Aka ce jikinsa ya kumbura duka, mutanen garinsu suka sa shi a mota. Kwana goma da isarsa ya rasu. Ya bar 'ya'ya huɗu.

Na gaya wa likita komai. Ta ce ba wanda zai iya tabbatarwa, tunda ba a gwada shi ba, wataƙila ya daɗe da ciwon. Na san gaskiya ta faɗa. Amma ni na ga ƙafar nan da idona.

Na kira ƙanensa, Mahamadu, na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ce, "Mun yafe, Elhaji. Shi har ya cika cewa yake kai ne mai tausayinsa, kai ke saya masa magani."

Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Maman Hafsa, da ma'aikatan jinya, da 'yan rumfarmu da suka yi ta zarya.

Don Allah, in likita ya ce akwai kumburi a jininka, ka tambaya daga ina, ka sa a duba ƙodarka, ka koma ranar da aka ce. Kar ka ɓoye wa iyalinka takarda. Ka bar ƙwayar leda. In mai yi maka aiki ya nuna maka kumburarriyar ƙafa, ka ajiye kasuwar ka kai shi asibiti.

Ni na samu sauƙi, kar ku damu da ni. Wanda zai yi addu'a, ya yi wa Isufu da marayunsa.