Mai Kwat a Ofishin Alhaji Dikko

Laure, sakatariyar Alhaji Dikko mai injin casar shinkafa a Argungu, tana kallon wani saurayi da ya zo neman aiki. Kwat ce jikinsa cikin wannan zafi, gumi har ya jiƙa takardun da ya rungume. Daga gani kwas ɗin neman aiki aka yi masa a kwaleji, don sai gwada murmushi yake shi kaɗai.

Ana kiransa ya taka dardumar Alhaji da takalmi, ya miƙa wa dattijon hannu daga tsaye, ido cikin ido.

Laure ta ja tsaki. "Wanga yaro! Sun koya mai komi, sun kankare gaisuwar da uwarshi ta koya mai."