Baba Sannu-Sannu, Direban Bas ɗin Jami'armu

Sannu-Sannu muke ce masa, saboda bai taɓa yarda allurar gudun motarsa ta wuce tamanin ba. In ɗalibai suka dame shi da ihun "Baba, taka ta mana!" sai ya kalle mu ta madubi ya ce, "Mai sauri ya sauka ya yi gaba, zan same shi a hanya." Shekara goma sha takwas yana jan bas ɗin jami'armu, farar mota mai kujera talatin da biyu, kuma a tsawon wannan lokaci ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Abin da na sani na farkon rayuwarsa, daga bakin matarsa na ji shi daga baya. Mahaifinsa makanike ne mai gyaran manyan motoci. Yana aji huɗu a firamare idon tsohon ya fara mutuwa, sai ya bar makaranta ya koma gareji. Ya yi shekara goma sha biyu yana jan babbar motar kaya, yana wata guda bai kwana gida ba. Da aka haifa masa 'yar fari ya nemi aikin jami'a, aka ba shi ɗaki biyu a gidajen ƙananan ma'aikata, bayan garejin makaranta. Wannan 'yar ita ce hasken idonsa. Duk takardar karatun da ɗalibi ya manta a mota aka rasa mai ita, sai ya miƙar da ita a kan cinyarsa ya kai mata gida. Burinsa ta shiga jami'ar da gurbin da ake ware wa 'ya'yan ma'aikata.

Ni kuwa a lokacin ina shekara ta uku, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar koyon shugabanci ta ɗalibai. Duk Asabar da safe muna haɗuwa a wani ɗakin lacca mai fanka ɗaya. Ana koya mana tsayuwa gaban jama'a, tafiyar da taro, kaɗa ƙuri'a, da yanke shawara cikin matsi. Shugabanmu ɗalibin shari'a ne a shekarar ƙarshe, dogo, mai sa kwat ko ana zafin da ke narka kwalta. Shugaba kawai muke kiransa. Ba mugu ba ne. Shi ya yi ta sintiri a ofisoshi har aka gyara famfon ɗakunan kwanan mata.

A wannan shekarar aka gayyace mu taron ƙungiyoyi irin tamu a wata jami'a, tafiyar awa shida. Shugaba ne zai yi jawabin buɗewa da ƙarfe huɗu na yamma. Ya yi wata guda yana haddace shi.

Mu talatin da ɗaya muka tashi da safe. Wajen ƙarfe ɗaya, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar tsaunuka, Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Da ya fito, yatsunsa na sheƙi da mai.

"Yara, akwai matsala," in ji shi. "Tiyon man birki ya tsage, yana yoyo. Gabanmu gangara ce mai tsawo. Sai an samo sabo."

"Minti nawa, Baba?" Shugaba ya tambaya.

"Ba maganar minti ba ce, ɗana. Sai an koma garin da muka baro. Awa uku, in an yi sa'a."

Shugaba ya dubi agogonsa. Ya tambaya ko ba a iya ɗaure shi. Baba ya ce ana iyawa, amma ɗaurin roba ba abin da mutum zai ɗora rayukan 'ya'yan mutane a kai ba ne. Sai Shugaba ya hau matakalar mota ya tafa hannu, kamar yadda yake yi ranar Asabar.

"'Yan'uwa, abin da muke koya ke nan ya zo mana har gida. Ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Masu cewa a ɗaure mu tafi, su ɗaga hannu. Sakatariya, ƙirga."

Na ƙirga. Ashirin da bakwai, har da nawa. Uku suka ce a jira. Mutum ɗaya ba ta ɗaga ko ɗaya ba, wata 'yar shekarar farko da muke kira Auta, don tana barci a kujerar gaba, kanta jingine da gilashi. Na rubuta komai a littafin taro, har da lokaci.

Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Birki bai san ƙuri'a ba."

Aka yi dariya, an ɗauka cikin barkwancinsa ne. Da Shugaba ya ga ba wasa yake ba, sai ya kira malamin da ke kula da ƙungiyar a waya, ya yi masa bayani cikin lafazi mai daɗi, ya miƙa wa Baba wayar. Ina tsaye kusa, ina jin muryar malamin.

"Direba, me ke faruwa ne? Jami'a ta ba ka aiki ka kai su, ka kai su. Kada ka ba mu kunya a gaban mutane."

"Ranka ya daɗe, birkin ne..."

"Shekara nawa kana tuƙi? Ka yi dabara mana."

Baba ya daɗe yana kallon wayar bayan an kashe. Sannan ya yanko roba daga tsohon tib na taya, ya sake shiga ƙarƙashin mota. Ya ƙara mai, ya taka birki sau da yawa, ya ce kowa ya shiga.

Ya sauko gangarar da ƙaramar giya, motar na kuka. Mun ci fiye da rabi. A wata kwana na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ya ɗago ya sake takawa, ba komai. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Ku riƙe kujera." A hagu rami ne mai zurfi, a dama bangon dutse. Ya karya sitiyari zuwa dutsen.

Auta ta rasu kafin a kai ta asibiti. Mutum tara suka karye. Hannun daman Baba ya murƙushe tsakanin sitiyari da ƙarfen gaban mota, likitoci suka ceto shi, amma yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Jami'a ta kafa kwamitin bincike. Kwana biyu kafin zaman, Shugaba ya tara mu shugabannin ƙungiya a ɗakin laccar nan, da bandeji a goshinsa. Ya rame ƙwarai. Ya ce in maganar ƙuri'a ta fito, za a rushe ƙungiya, wataƙila a kori wasunmu, malamin ma ya shiga uku. Ya ce direba ma'aikaci ne, iyaka a ja masa kunne. Ya ce a lokacin rikici ƙungiya da murya ɗaya take magana, haka aka koya mana. Sannan ya dube ni.

"Sakatariya, littafin yana wurinki?"

Ba wanda ya ce in yage shafin. Ni na fahimta, na je banɗaki na yage shi, na yi masa gutsi-gutsi.

Ranar zaman, mun shiga ɗaya bayan ɗaya, tsaf da mu. Mun iya tsayuwa, mun iya kallon mutum cikin ido, mun san inda ake dakatawa a ja numfashi. Muka ce direba ya tsaya ya duba mota, ya ce ba komai, muka ci gaba. Malamin ya ce an kira shi, amma bai tuna an ambaci birki ba. Mutum ukun da suka ce a jira, ba a kira su ba, su ma ba su nemi a kira su ba.

Baba ya shigo da hannu rataye a wuya, da rigar aikinsa da aka goge. Bai saba magana a gaban dogon tebur ba. Ya fara daga tsakiya, ya koma farko, ya ce yara sun ɗaga hannu. Shugaban kwamitin ya juyo wurina.

"An yi wata ƙuri'a?"

"Babu ita a littafi, ranka ya daɗe," na ce.

Baba ya waiwayo ya dube ni. Ba harara ba ce. Kallo ne irin na mutumin da ke son ya tabbatar ya ji daidai. Sai aka tambaye shi ko ya san birkin na da matsala lokacin da ya tayar da mota. Ya ce ya sani. Daga nan ba a ƙara tambayarsa komai ba.

Saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya aka sallame shi saboda sakaci. Aka ba su mako huɗu su bar gidan ma'aikata. Gurbin 'yarsa ya tafi tare da aikin. Ƙungiyarmu kuwa ta yi taron tunawa da Auta, Shugaba ya yi jawabin da ya sa kowa kuka, ni ma na yi.

Shekara tara ban neme shi ba. Na gama karatu, na sami aiki, na yi aure. Wata rana na je ajiye mota a filin da ke bayan wata kasuwa, sai na ga mai ba da katin shiga yana miƙo mini da hannun hagu. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Na wuce, na ajiye motar, na zauna a ciki kusan rabin awa kafin na iya fitowa.

"Baba, ka gane ni?"

"Sakatariya," ya ce. "Kin yi ƙiba. Ina yara?"

Ya ba ni bencinsa, shi ya zauna kan bulo. Na faɗa masa abin da na yi da shafin. Ya saurara har na gama, yana kallon motocin da ke shiga.

"Na sani, 'yata. Ai a gabana kika rubuta." Ya gyara zama a kan bulon. "Da farko na riƙe ku a zuciya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ku yara ne, kun ɗaga hannu ne kawai. Ni na san abin da ke ƙarƙashin motar nan. Na ji tsoron muryar mutum a waya, na murɗa makulli. Yarinyar nan ko tashi ba ta yi ba."

Na ce zan rubuta wa jami'a gaskiya. Ya ce in rubuta in hakan zai sa in sami sauƙi. Na rubuta shafi huɗu, na sa hannu. Na nemi Shugaba a waya, lokacin yana da kamfanin horar da manajoji. Ya ce yana jin zafin abin har gobe, amma tayar da maganar ba zai amfani kowa ba. Bayan wata biyar jami'a ta amsa da layi uku, cewa an rufe fayil ɗin tun tuni, kuma babu sabuwar hujja a rubuce.

Baba ya rasu a shekarar da ta biyo, bayan jinyar hawan jini. Na je gaisuwa a ɗakin hayar da suka koma, ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Matarsa ta karɓe ni hannu biyu, ta zaunar da ni, ta yi ta ba ni labarinsa tun daga gareji. Ba ta san ko ni wace ce ba, ta ɗauka ɗaya ce cikin ɗaliban da yake kaiwa yawo.

'Yarsa ta sani. Tana aiki a shagon ɗinki yanzu, da 'ya'ya biyu. Ita ta raka ni bakin titi, tana tafe tana cire zare daga hannun rigarta. Da muka isa wurin motata ta tsaya.

"Mun gode da zuwa, Yaya," ta ce. "Ban gaya wa Mama ba, kuma ba zan gaya mata ba. Amma don Allah kada ki ƙara dawowa."

Na ce to. Ban ƙara komawa ba.