Inna a Zauren Ɗan Majalisa

Wata Laraba ce bayan la'asar, cikin damina ta farko da mulki ya koma hannun farar hula. Ina 'yar shekara goma, ina carafke a tsakar gidanmu na Dorayi, Inna tana tsintar shinkafa a faifai, Baba kuma yana kishingiɗe da rediyonsa a kan ƙirji. Sai aka ce ga jawabin Alhaji Sale a majalisar jiha. Na watsar da duwatsuna na matso, domin Alhaji Sale kawuna ne, uwa ɗaya uba ɗaya da Inna. A makaranta na ishi kowa da labarinsa, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini 'Yar Majalisa, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi.

A lokacin Inna ce ke ciyar da mu. Tun da ƙirjin Baba ya lalace a majemar fatu ta Challawa, ta samu aiki a wani kamfanin alewa a Sharada, tana naɗe alewa a takarda. Takan fita kafin mu gama koko, ta bar mini shara da ɗebo ruwa a famfo, ta dawo tana ƙanshin na'ana'a, bakin zanenta ƙulle da yagaggun takardu masu ƙyalli da muke yi wa 'yan tsanarmu riguna. Ma'aikata ba sa son jam'iyyar Kawu, suna cewa ta manya ce, shi kansa mai riƙon tsohuwar hanya ne. Duk da haka da zaɓe ya zo, Inna ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, ta kwaso su suka dangwala wa yayanta.

Muryarsa ta fito tar a rediyo, yana neman a hana matan aure aikin kamfani. "Macen da take fita irin wannan aiki ba daga gidan mutunci ta fito ba," in ji shi. "A gidanmu ba a taɓa yi ba." Na dubi Inna. Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa, Baba ya lalubi rediyon ya kashe. Majalisa ba ta yi dokar ba, amma mai kamfanin bai tsaya jiran doka ba. Kafin wata ya ƙare ya sallami matan aure duka.

Ranar Asabar da safe Inna ta sa shuɗiyar rigarta ta aiki, ta yafa mayafi, ta kama hannuna, sai gidan Kawu. Ba mu bi ta ƙofar mata ba yadda muka saba. Zauren Kawu ta nufa, inda masu kawo kuka ke layi, ta zauna a ƙarshe, maza suna ta jan jiki suna satar kallonta. Da layi ya zo kanta ta sauke mayafin kafaɗa yadda kowa zai ga rigar.

"Yaya, an sallame mu," ta ce.

Kawu ya dube ta, ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, ya gyara zaman hularsa.

"Malama daga wace unguwa?"

Saura kaɗan in yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin wadda yake yi mini in na je yawon salla. Da na ga fuskarsa sai tsoro ya kama ni, na ƙanƙame zanen Inna.

"Daga Dorayi, ranka ya daɗe," ta ce. "A yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci."

Ba ta sake samun aikin kamfani ba. Wankau da surfe ta koma, ni kuma na daina zuwa makaranta a wannan shekarar, sai daga baya ta lallaɓa ta mayar da ni. Kawu ya sake cin zaɓe, bayan 'yan watanni soja suka karɓi mulki, zaure ya watse, ya fara zuwa gidanmu a ƙafa.

Yau in na bi ta Sharada nakan ga 'yan mata suna fitowa daga aiki suna hira, ba mai ko waiwayensu, sai in ji ina kewar Inna. Duk zuwan da Kawu ya yi ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta gaishe shi da ranka ya daɗe. Har ta rasu ba ta ƙara ce masa Yaya ba.