Ni da Surukina a Duwatsun Suwizalan

Daga Tremont zuwa filin jirgi

Jirginmu na yamma ne, amma tun kafin assalatu wayata ta fara ruri. Surukina ne, Alhaji Mamman, mahaifin matata Hadiza, yana tambaya ko na taso.

Na ce, "Baba, ai sai bayan la'asar jirgin zai tashi."

Ya ce, "Matahiyi da asuba shi ka hita, Malam. Ina jiran ka."

Baba mutumin Maradi ne, yana da shago a unguwar Harlem ta birnin New York inda yake sayar da huluna da turare da atamfa. Yana saurayi ya yi aiki da wani Bature ɗan Suwizalan da ya zo haƙa rijiyoyi a ƙauyensu, har mutanen garin suka laƙaba wa Baturen suna Mai Rijiya. Yanzu Baturen ya tsufa tukuf, ya aiko yana son ganin Baba. Hadiza ba ta sami hutu a asibitin da take aiki ba, sai aka ce in raka shi. Shi yana da Faransanci amma waya sai kira da amsawa, ni kuma na iya latsa waya amma ko gaisuwar Faransanci ban iya ba.

Sharaɗi biyu aka gindaya mini. Na Baba shi ne ban da ɓarnar kuɗi, don ya ji labarin tsadar ƙasar. Na Hadiza kuwa, in tabbata ya ci abinci a kan lokaci saboda ciwon sugansa. Abin da babu wanda ya ambata shi ne, shekara bakwai da aurenmu ban taɓa kai loma baki a gaban Baba ba, shi ma bai taɓa ci a gabana ba. Ko da Sallah ne, in an kai masa nasa falo, ni a kicin nake cin nawa a tsaye.

Hadiza ta ɗaure mana guzurin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da suga. Dambun naman da na ɓoye cikin safa ta zaro shi, ta ce ba a shiga Turai da nama. Tasi ba ta cikin lissafi, don haka jirgin ƙarƙashin ƙasa na hau daga unguwarmu Tremont zuwa Harlem, na tarar da Baba a tasha zaune kan jakarsa. Muka isa filin jirgi ko masu shara ba su gama ba, muka yi zaman jiran la'asar.

A sama, da zangon Lisbon

Tikitin mai arha ne, ba a ba ka zaɓin kujera. Na yi ta addu'a a raba mu, sai ga mu kafaɗa da kafaɗa. Da aka turo keken abinci, ƙamshin kaza da shinkafa ya doki hancina, cikina ya yi wata ƙara da nake jin har na bayanmu ya ji.

Ma'aikaciyar ta miƙo wa Baba, ya ɗaga hannu ya ce, "Marsi." Ta juyo kaina, na ji bakina yana cewa na ƙoshi. Abincin da na biya da gumina ya wuce ni ina kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na dake.

Can na tuna da Hadiza, na miƙe na ce, "Baba, zan je baya in miƙe ƙafa, zan daɗe." Na tsaya a ƙofar bayi kamar mai gadi, ina ba shi wuri ya nemi wani abu ya ci. Da na dawo na tarar da shi yana jan carbi.

A Lisbon muka sauya jirgi, ɗan sandan shige da fice ya buga mana hatimi ba tare da dogon zance ba. Na ce zan je alwala, na sayi wani ɗan kek da bai fi bakin kofi ba, na haɗiye shi a bayan wani ginshiƙi. Ban san ko shi ma ya yi irin tasa alwalar ba.

Jeniba

Mun sauka Jeniba lafiya. A tasha Baba ya tambayi kuɗin shayi, aka ce faran biyar. Ya maimaita tambayar da Faransanci mai kyau ko kunnensa ne, aka sake faɗa masa.

Ya ce, "Malam, wanga shayi da zinari aka dahwa shi?"

Daga nan muka gano cewa ruwan da ke zuba a famfunan bakin titi kyauta ne, mai sanyi kuma mai daɗi. Baba ya cika gorarmu yana sa wa ƙasar albarka, karon farko ke nan.

Masaukin da na kama mana irin na ɗalibai ne, ɗaki ɗaya mutum huɗu, gado kan gado. Baba ba zai iya hawa na sama ba, ni kuma ina ni ina kwanciya a saman kan surukina? Na shimfiɗa darduma a ƙasa. Wasu samari biyu Turawa da muke ɗakin tare suka yi ta nuna mini gadon da hannu, suna zaton ban gane amfaninsa ba.

Da safe akwai karin kumallo kyauta, amma a zaure ɗaya, kan dogon tebur ɗaya. Na raka Baba har kujera, na zubo masa burodi da ƙwai da madara, na ce zan je in dubo lokacin jirgin ƙasa. Na fita na tsaya cikin sanyi ina lissafin lomarsa. Da na leƙo, ga faranti yadda na bar shi, Baba ba ya nan. Ashe shi ma ya tashi ya fita ta ɗaya ƙofar don ya ba ni wuri. Muka yi ta kewaya ginin muna ba juna wuri, har wata mata mai farin ƙyalle ta zo ta kwashe komai.

Montreux

Jirgin ƙasan ya bi gefen wani makeken tafki, gonakin inabi na hawa tudu a hagu, duwatsu masu farar ƙanƙara a ƙetaren ruwa. Kyau kam akwai shi, amma mai jin yunwa ba ya ganin kyau sosai. A Montreux za mu sauya zuwa ƙaramin jirgin da ke hawa dutse, kuma tikitinmu mai rangwame na bayan azahar ne, ba a hawa wani da shi.

Baba ya ce, "Bari in zagaya in ga gari." Na ga ya ɗauki jakar guzuri, na yi hamdala a zuci. Yana ɓacewa na faɗa wani kanti, na sayi burodi mafi arha da kifin gwangwani. Na gangara bakin tafki, na hango wani benci a bayan shingen furanni inda ba kowa. Na yanko burodi na cika baki, sannan na kewaya shingen.

Ga Baba zaune a kan bencin, kofi a hannu, ya jiƙa gari, kumatunsa tam.

Muka tsaya cak. Na mayar da burodina baya, shi ma ya tura kofinsa ƙarƙashin babbar riga. Gaisuwa ta wajaba, amma ba mai bakin yin ta. Na rusuna na ce, "Mmm." Ya gyaɗa kai ya ce, "Mmm." Sannan ya nuna dutsen da ke ƙetare da yatsa, muka zuba masa ido kamar shi muka zo gani, kowa na ƙoƙarin haɗiya ba tare da maƙogwaro ya motsa ba.

Ina nan tsaye sai na ji an fizge abin da ke hannuna. Wata ƙatuwar farar agwagwa mai dogon wuya ce ta fito daga ruwa, ta yi gaba da burodin gaba ɗaya. Baba ya gani sarai, ya kau da kai yana tari. Daga baya na lura ya zubar da sauran garinsa a gindin furanni. Loma biyu ko uku kawai ya samu.

Kan dutse

Ƙaramin jirgin ya yi ta nishi yana kewaya dutse, tafkin na ƙanƙancewa a ƙasa har ya koma kamar faranti. Muka sauka a wata 'yar tasha, shanu ko'ina da ƙararrawa a wuya. Akwai bas mai ruwan ɗorawa da ke kaiwa ƙauyen Mai Rijiya, amma da Baba ya ji kuɗin sai ya ce kilomita uku ba tafiya ba ce ga wanda ya yi kiwo. Bai san kilomitan nan a tsaye suke ba.

Mun ci rabin hawan na ji takunsa ya canja. Na waiga, gumi ya jiƙe masa fuska cikin wannan sanyi, hannunsa na rawa. Ya zauna daɓas a kan wani kututture, na yi masa magana ya amsa da ƙyar. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Babu gida kusa, babu mota, sai shanu. Na ga kaina ina kiran Hadiza a waya, na rasa da wane baki zan yi mata bayani.

Na zazzage jaka, na dama suga a ruwa na kafa masa a baki, na ɓare dabino na danƙa masa. Sai kuma kunyar ta dawo, na juya masa baya. Amma dole in san ko yana ci. Na zaro waya, na kunna kyamarar gaba, na ɗaga ta saman kafaɗata.

Yana ci. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci biyar. Can ya ɗago, muryarsa ta fara dawowa, ya ce, "Malam, ina ganin idonka cikin wayar."

Na sauke ta da sauri na ce saƙo nake dubawa.

Gidan Mai Rijiya

Gidan katako ne a gefen tudu. Wani dogon tsoho ya fito da sanda, ya ƙura wa Baba ido, sai ya ce da Hausar Maradi tsantsa, "Mamman! Ka tsuhwa!"

Baba ya ce, "Kai hwa? Ina gashin kanka?"

Suka rungume juna suna dariya suna hawaye. Ni ma idona ya cika, na ji duk wahalar hanya ba ta tafi a banza ba.

Bayan mun yi magariba, Mai Rijiya ya kira mu tebur. Tukunya ɗaya ce a tsakiya kan 'yar wuta, cike da narkakken cuku yana tafasa, ga kwandon gutsattsarin burodi da dogayen cokula masu yatsu. Ya ce wasu da giya suke haɗa shi, amma namu da ruwa ya yi. Kowa zai soki burodi ya tsoma a tukunyar.

Na miƙe na ce zan ɗan fita in ga shanu.

Mai Rijiya ya ce, "Zamna. Na san al'adarku, na daɗe cikinku. Amma wanga abinci ba shi rabuwa. In an ɗiba a kwano sai shi daskare shi zama roba. Tukunyata kuwa guda ce."

Na dubi ƙasa. Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, yau saura kaɗan kunya ta kashe ni bisa dutse. Ka san nawa a ka biya a kai gawa daga nan zuwa New York? Zamna ka ci."

Na zauna. Na soki burodi na tsoma, ya suɓuce ya nutse. Na shiga lalube, Baba ma ya sa nasa cokalin yana taya ni, cokulanmu suka sarƙe. Shi ya kamo shi, ya ɗago yana zaren cuku, ya ajiye a farantina ya ce, "Ci maza, kahin agwagwa ta zo." Dariya ta ƙwace mini har na ƙware. Mun share tukunyar nan har da ƙanzo.

Kwana uku muka yi a gidan, ba kuɗin ɗaki ba kuɗin abinci. Baba ya ce ashe Suwis ƙasa ce mai arha, in ka san inda za ka sauka. Ranar komowa bas muka hau, ni na nace, bai musa ba. A jirgi kuwa da aka turo keke, sai da ya tambayi ma'aikaciyar ko akwai ƙari.

Gida

Mun sauka New York ranar Juma'a da rana, muka wuce Tremont tare don Baba ya ga jikokinsa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa Mai Rijiya da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri.

Hadiza ta yi tuwo miyar kuɓewa. Ta jera tire biyu kamar kullum, na Baba zuwa falo, nawa a kicin. Na ɗauki hanyar kicin ke nan Baba ya kira ta.

"Ke Hadiza, mi ya sa kuke ɓarna haka? Kwano biyu, wanki biyu, ruwa da sabulu duk kuɗi ne a garin ga. Haɗe mana wuri guda."

Ta tsaya da tire a hannu, ta dube shi, ta dube ni, baki buɗe. Baba ya matsa gefe a kan darduma, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Ki ƙaro tuwon kuma. Mijinki akwai ci, na gani da idona."