Baitin Allura na Sambo

Ku da kuka san Sambo na Ƙofar Rini kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama tukuna. Sai ya ji inda iska ta fito, ya juya ya fuskance ta, sannan ya zauna. In ka yi magana ya ce, "Jirgi ba shi sauka da iska bayanai." Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka ina da izinin yi masa dariya, kuma wallahi ban bar ko kaɗan ba.

Sana'arsa kwafar littattafai, hannunsa kamar an ɗora zare. Abin ya same shi ne ranar da jirgin saman Turawa ya fara sauka a filin bayan gari. Kowa ya yi kallo ya koma gida, shi kuwa bai dawo daidai ba. Mahaifinsa ya tafi hajji a ƙasa tun Sambo yana goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai Sambo ya riƙa zama bakin zaure yana kallon gabas, yana cewa in ya zama direban jirgi zai bi hanyar nan ƙasa-ƙasa, ya ga gulbi kamar rawani an shanya, ya duba kowane zango.

Wani kukun Turawa ya gaya masa ba sa ɗaukar mutum sai sun yi masa tambayoyi. Shi ke nan! Duk wanda ya taɓa shafar ƙarfe, tsohon soja ne ko makanikin mota, Sambo ya tsare shi da goro. Abin da ya tsinta ya tsara shi waƙa da ajami, yadda malamai ke yi wa fiƙihu, baiti sittin cif, ya haddace.

Matarsa Hajo ita ta sha wahala. Ba ya sa hannu a tuwo sai ta yi masa tambaya. Rannan ina nan ya ce, "Hajo, tambaye ni, in inji yam mutu bisa, mi za ni yi?"

Ta ce, "Malam, in gero yaƙ ƙare rumbu, mi za ka yi?"

Ya ce, "Wagga ba ta cikin waƙa."

Wata rana kuma mahauta suka aiko a zo a ɗauke shi. Na tarar da shi kwance rigingine bayan mayanka yana kallon angulaye suna shawagi. Na ce, "Bawana, haukan ya kai nan?" Ya ce in rufe baki, yana gaban malamai ne. Wai tun hantsi babu wadda ta kaɗa fiffike, kuma babu wadda ta faɗo.

Ana nan sai aka ce Baturen filin jirgi yana neman mutum. Na ji ƙishin-ƙishin cewa mai korar shanu da jakai daga filin ake nema, amma ban iya gaya masa ba. Ya sa rigar Sallah, na raka shi. Tafinta ya faɗa wa Bature cewa wannan direba yake son zama. Bature ya yi murmushi, ya ce to, a tambaye shi: in gajimare ya rufe ƙasa, da me direba zai san inda ya dosa?

Fuskar Sambo ta haskaka. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya ja bisimilla. Ya yabi Allah, ya yi salati, ya shiga alaye da sahabbai. Amsar tana baiti na arba'in da ɗaya, shi kuwa bai taɓa koyon wani karatu daga tsakiya ba.

Tafinta ya ce, "Malam, amsa kaɗai aka so."

Sambo ya ce, "Ba a shiga gida ta katanga. Ga shi ka ɓata min." Ya koma bisimilla!

Bature ya duba agogo sau biyu. Sambo yana baiti na goma sha biyu, wajen bayanin fiffike, mutumin ya ɗauki hularsa ya fita. Aikin kuwa, wani Bafillace mai sanda aka ba.

A hanyar komowa na shirya tsiya iri-iri, amma na ji yana ci gaba da waƙar a hankali, bai tsaya ba. Muka wuce gonakin gero, muka doshi ganuwa. Dab da ƙofa ya kama hannun rigata ya ɗaga murya:

"Allura tana nan cikin ƙoƙon gilashi,
Arewa taka nuni ko hadari ya tashi."

Ya dube ni, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Ka jiya, taubashi? Na san ta." Na ce na ji. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma har ya rasu bai taka jirgi ba.

Allah Ya jiƙan Sambo, Ya sada shi da mahaifinsa. Allah Ya sa da masu tambayar kabari suka zo, sun yi masa haƙuri ya fara daga bisimilla. Amin.