Ƙarangiya a Kunnen Karyata

Ni na kashe karyata ta fari da hannuna, kuma ba ta yi laifin komai ba. Da wannan na fara don kada mai karatu ya ɗauka labarin gwaninta zan ba shi. Aji huɗu na yi a lakol, wato makarantar boko, kafin tsohona ya mayar da ni gona, amma abin da zan faɗa a nan na san shi sarai, don sau biyu na gan shi da idona.

Wani Bafulatani da ya saba sauka da shanunsa a gonata da rani shi ya bar mini ita tana kwikwiya. Ba ta yi kama da karnukan ƙauyenmu ba. Kunnuwanta dogaye ne, sun zubo har gefen muƙamuƙi, ga gashi ciki da waje. Ya ce ubanta karen wani Bature ne mai ginin rijiyoyi. Maharba suka ce in yanke mata kunnuwan kamar yadda suke yi wa nasu, na ƙi. Ba tausayi ya hana ni ba. In za a yanke sai na riƙe ta, ni kuwa ba na taɓa kare.

Haka na taso na gani a gidanmu. Kare na da amfani, ana ajiye shi don tsaro, amma ba a sa masa hannu. Shekara bakwai tana tare da ni. A kasko nake zuba mata ƙanzon tuwo, in tura shi da ƙafa. In ta gogi rigata sai na sake wata kafin in yi salla. Ko suna ban ba ta ba, da fito nake kiranta. Ita kuwa a shekarun nan dila bai ɗauki ɗan rago ko ɗaya a garkena ba, kuma babu akuyar da ta isa ta shiga gonar ayata.

A kakar shekara ta bakwai, an gama yankan gero, ƙarangiya ta bushe ta cika hanyoyin gona, sai ta fara kaɗa kai. Ta kaɗa, ta tsaya, ta sa ƙafar baya ta yi ta susa. Bayan kwana uku kanta ya karkace gefe ɗaya, in ta tashi tafiya sai ta yi ta kewaya wuri guda. Ta daina taɓa kasko. Da matata ta gifta kusa da ita da tulu, ta yi mata gurnani, abin da ba ta taɓa yi ba. A lokacin kuma ana ta zancen wani mahaukacin kare da ya ciji mutane a wani ƙauye wajen Agiye. Taubashina, ɗan ƙanwar tsohona, wanda gidansa ke jikin nawa, ya leƙo ta kan darni ya dube ta ya ce, «Wannan ai hauka ce. Me kake jira?»

Ban jira komai ba. Na ɗauki gatari na yi mata fito, ta biyo ni tana tangaɗi har gindin gawon da ke ƙarshen gonata. Ba zan faɗi sauran ba.

Da na gina rami, dole ta sa na kama ta don in ja. Ranar ce hannuna ya fara taɓa jikinta. Kunnen da ta karkata wajensa ya juye, wari ya buge ni. Cikinsa ya kumbura, ga mugunya, ga ƙarangiya ta cukurkuɗe da gashi har ba a ganin ramin kunnen. Na tsuguna na sa tsinke na yi ta ciro ta, kamar hakan zai amfane ta da wani abu. A nan na gane abin da na yi. Da sau ɗaya na ɗaga kunnen nan tana da rai, da na gani.

Na rufe ramin na koma gida. Mutane suka yi ta yaba mini, wai na yi jarumta, na tsare ƙauye. Na karɓi yabon na yi shiru. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma a ganina ya fi na farko muni, don shi da sanina na yi shi.

Ta bar kwikwiya ɗaya, mai kunnuwa irin nata. Wani zai zaci daga ranar na sake hali. Ban sake ba. Na dai riƙa nome ƙarangiyar da ke bayan gida, na ce wa kaina ya isa. Kasko kuwa da ƙafa nake tura shi, kamar da.

Shekara huɗu bayan haka, da kaka, ɗiyar ma ta fara kaɗa kai. Kwana biyu kan ya karkace. Da hantsi ina gyaran rumbu sai ga taubashina da maƙwabta biyu, kowa da sanda.

Ya ce, «Ɗan kawu, sauko. Abin gado ne, ta bi uwarta.»

Na ce, «Ku ajiye sandunan.»

Ya ce, «Kai da ka yi wancan karon ba gardama, yau tsufa ya sa maka tsoro? In ba za ka iya ba, ba ni gatarin, ka koma ciki ka taya mata daka.»

Maƙwabtan suka yi dariya. Na sauko daga rumbun na tsaya tsakaninsu da ita. Na ce musu uwarta ba ta yi hauka ba. Na faɗa musu abin da na gani a gindin gawo, da shirun da na yi shekara huɗu. Dariyar ta tsaya.

Taubashina ya ce, «To, in wannan ta haukan gaske ce fa? In ta ciji jikokina, da me za ka biya ni? Da haƙuri?»

Maganarsa gaskiya ce, ban musa ba. Haukan kare ba wasa ba ne. Na ce su ba ni zuwa ranar kasuwar Gangara, jibi ke nan, ranar da likitan bisashe ke zuwa. Zan ɗaure ta a tsohon garken awaki in rufe. In ta ƙi ruwa, ko ta fara dalala, ko ta daina gane ni, ni da kaina zan kira su.

Ya ce, «Wa zai ɗaure ta? Kai da ko inuwarta ba ka yarda ta taɓa ka?»

Na ɗauki igiya na tsuguna gabanta. Na yi fito a hankali. Ta matso da kanta a karkace, tana kaɗa wutsiya, na zura mata igiyar a wuya. Na kawo ruwa a ƙwarya na ajiye da hannuna, ta shanye tas.

Bayan azahar na tsaya wajen limaminmu na tambaye shi hukuncin hannun da ya taɓa kare. Ya dube ni ya ce, «A karatun da muka yi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke hannunka don tsabta, ka yi sallarka. Wa ya ce maka ba a taɓawa?» Na ce babu wanda ya ce, haka na taso na gani. Ya ce, «Shekara nawa kana salla a bayana ba ka tambaya ba?»

Ranar kasuwa na ɗora ta a amalanken jaki. Taubashina ya hau shi ma, da sandarsa, wai don ya ga ƙarshen wautata. Likitan wani matashi ne daga wajen Gidan Rumji, ana jin Gobiranci a bakinsa. Ya bar layin awaki ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana kallonta, ya tambayi kwana nawa, tana shan ruwa, ta ciji wani. Ya ce ɗaurin da na yi mata daidai ne. Ya ɗaure mata baki da tsumma, sannan ya ce, «Baba, zauna ka sa kanta tsakanin gwiwoyinka. Kai ta sani.»

Na zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa da kan karya a cinyata, masu sayar da gyaɗa suna leƙe. Ina jin zuciyarta na bugawa a ƙafata. Ya datse gashin da almakashi, ya ciro ƙarangiya huɗu daga bakin kunnen. Ya haska da 'yar fitila, ya zura wata doguwar matsefata ta cirar ƙaya, ta yi ƙara ta zabura, na riƙe. Abin da ya fito bai fi ƙwayar shinkafa ba, guntun ƙaya baƙi da jini a jikinsa.

Ya ɗora shi a tafin hannuna ya ce in shafa. Ta gefe ɗaya sumul, ta ɗaya gefen yana kama fata. Ya ce shi ya sa ba ya fitowa. Duk kaɗa kan da ta yi ƙara tura shi ciki take yi, dogon kunnen kuma ya rufe kamar murfin tukunya, babu iska, babu mai gani. Ya ce kada in taɓa zura tsinke, kada in zuba kalanzir ko toka kamar yadda wasu ke yi. Abin da ido ya gani a bakin kunne in cire da yatsa, wanda ya shige ciki in kawo masa. Ya wanke kunnen, ya ba ni maganin ɗigawa, ya yi mata allurar rigakafin hauka.

A hanyar komawa ni da taubashina muka kai rijiyar makiyaya. Can ya ce, «Nuna mini abin.» Na kwance bakin rawanina inda na ƙulle guntun ƙayar, na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, «Ita ma ta farkon, wannan ne?» Na ce wannan ne. Ya ce, «Ni na ce maka hauka ce.» Na ce, «Kai ka faɗa daga bayan darni. Ni ke da ita shekara bakwai.»

Kafin mako ya zagayo kanta ya miƙe. Matata ce ta kawo dabarar da ta rage. Ta yanke ƙafar wani tsohon wandona, ta zura zare a baki biyu, muka sa mata a kai, ya kwantar da kunnuwanta ta baya ya rufe su, ido da hanci a waje. Da farko ta yi ta fizge shi da ƙafa. Da ta gane in an sa shi gona za a tafi, sai ta riƙa miƙo kai da kanta. Daga lokacin da ƙarangiya ta fara bushewa har iska ta share ta, ba ta fita daji sai da shi. In mun dawo da la'asar in kwance shi, in juya kunne ɗaya bayan ɗaya, in bi gashin da yatsa, in duba tsakanin yatsun ƙafarta. Sannan in wanke hannu in yi alwala. Gashin cikin kunnen kuwa ina datse shi tun farkon kaka.

Ƙauye ya sami abin dariya. In mun fito, taubashina zai ɗaga murya ya ce, «Ku ba da hanya, ga ango da amarya! Ɗan kawu, kallabin nan na lefe ne ko aro kuka yi?» Ni kuma in ce ya yi a hankali, in ya ci gaba da toshe kunne da maganar mutane, shi ma akwai sauran ƙafar wando ɗaya a gida.

Ta yi shekara goma sha biyu a duniya, kunnenta bai sake ciwo ba. Tsufa ne ya ɗauke ta, a inuwar rumbu, hannuna na kan wuyanta. Na kai ta gindin gawon na gina rami kusa da na uwarta. Har yau duk kaka nakan je da fartanya in nome ƙarangiyar da ta fito a wurin. Na san babu abin da hakan zai yi musu. Bara taubashina ya same ni ina yi, ya tsaya ya ce hauka ta koma kan mai karya. Sai ya jingine sandarsa a jikin gawon, ya karɓi fartanyar, ya nome ɗaya gefen.