Saƙon da Inna Ta Ɗauko a Baki

Saura kwana uku jarrabawar Turanci ta gama sakandare na yi targaɗe, ƙafa ta kumbura, ko bakin zaure ba na iya kaiwa. Ina kwance a gida a Kaikai, na ci karo da wata kalma a tsoffin tambayoyi. Na san ta a matsayin sifa, sai ga ta tana bayyana yadda aka yi aiki. Ko Turanci ya yarda da haka? Na rasa, sai na fashe da kuka, don a lokacin gani nake wannan kalmar ce za ta kayar da ni.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Ta ajiye tankaɗe ta ce, “Mi ya same ki, ’yar nan? Ƙahwar ce?”

Na yi mata bayanin da na san ba za ta gane ba. Ta ce in rubuta tambayar, ta yafa mayafi, ta kama hanyar Kusada wajen malaminmu, don wayarsa a kashe take.

A gona ta same shi yana noma, ba biro, ba takarda. Da baki ya ba ta amsa: e, kalmar tana aiki biyu. Ya haɗa mata da misali da Turanci, ya yi ta maimaitawa har ta riƙe.

Inna kuwa mace ce mai gaisuwa, ko akuyar gidanku sai ta tambayi lafiyarta. Amma ran nan haka ta ratso gari, baki na motsi, ba ta kula kowa ba. Har yayar Baba ta gaishe ta, ta ɗaga hannu kawai ta wuce. Tsoro take kada ta buɗe baki Turancin ya zube.

Ta shigo ko sallama babu, ta durƙusa a gabana ta sauke shi kalma bayan kalma, kamar mai ba da hadda. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, “To, na sauke nauyi. Ba ni ruwa.” Na yi dariya, na kuma ji wani irin tausayinta ya kama ni.

Washegari gida-gida ta bi tana ba da haƙuri. Yayar Baba sai da ta yi kwana biyu tana fushi.

Ranar jarrabawa aka kai ni a babur. Na duba takardar ciki da bai, kalmar ba ta fito ba. Da na dawo na tarar da Inna a tsaye a soro.

“Tawa ta hito?” ta ce.

Na dubi ƙafafunta, duk faso. Na ce, “Ta fito, Inna. Ita ce ma ta farko.”

Ta tafa hannu ta yi guɗa. Har ta rasu ban faɗa mata gaskiya ba, kuma ban taɓa yin nadama ba.